Ƙararrawar Jirgin Iskandariya

Ni aka zaɓa in raka taubashina Masar lokacin da yana ta rufe masa idon hagu. Ni malamin Larabci ne a wata sakandare a Jega, shi kuwa tun tasowarsa albasa yake saya a Aliero yana lodawa kudu, ko sunansa da kyar yake rubutawa. Ranar da za mu tashi, mahaifiyarsa, gwaggona, ta riƙe hannuna a zaure ta ce in zama bakinsa a can. Maganar nan ta yi mini daɗi ƙwarai.

A Iskandariya aka yi aikin, aka kuma dace. Likita ya ce mu dakata kwana biyar ya sake dubawa. A rana ta uku zaman ɗaki ya ishe shi, muka fita da hantsi. A bakin titi muka ga wani ɗan jirgin ƙasa mai tarago biyu yana ratsa tsakiyar gari a kan dogo, da wani ƙarfe a samansa yana gogar wayar lantarki. Taram suke ce masa. Ya tsufa sosai. Kujerunsa sun sha zama har suna sheƙi, tafiyarsa kuwa mai keke ma zai wuce shi.

Muna shiga na gyara murya na gai da kwandasta da Larabcin da nake koyarwa, na tambaye shi ina jirgin ya nufa. Ya dube ni, ya juya ga fasinjoji ya ce ga wani ya zo da huɗubar Juma'a ranar Talata. Aka yi dariya. Sannan ya ba ni amsa da sauri, ko rabi ban kama ba.

"Mi ya ce, Malam?" in ji taubashina.

Na ce sannu da zuwa yake yi mana.

Na samu kujera a gefen taga na zauna. Shi kuwa ya wuce gaba da filasta a ido, ya tsaya bayan direba, wani dattijo mai farin gashin baki, yana kallon hannunsa. Can ya ciro goro ya ɓare ya miƙa masa. Dattijon ya gatsa, ya yamutsa fuska, suka fashe da dariya tare. Wata mata tana zaune kusa da kwandon cefane. Taubashina ya nemi izini da hannu, ya ɗauki albasa ɗaya ya matsa, ya sansana, ya girgiza kai, ya haɗa tafukansa ya nuna girman ta Aliero. Matar ta ƙi yarda. Gardama ta kaure, shi da Hausa, su da Larabcinsu, kuma kowa yana gane kowa. Ba wanda ya waiwayo ni.

Da muka iso wata kasuwa, keken doki ya tsaya a kan dogo. Direban ya jawo taubashina, ya nuna masa wani ɗan ƙarfe a ƙasa ya ce ya taka. Ya taka, ƙararrawa ta yi ƙara, mai dokin ya kauce, tarago ya ɗauki tafi.

"Malam, ɗauke ni a waya!"

Na miƙe na ɗauke shi hoton bidiyo. Ina ɗauka ina tuna shekarun da na yi ina haddar nahawu. A ƙarshen layi direban ya kai mu rumfar mai shayi, ya zaunar da taubashina kusa da shi. Sau ɗaya aka nemi in fassara, da aka tambayi sana'arsa.

Bayan mun dawo, labari ya riga mu zagawa. A tashar Jega na ji wani mutumin garin Giwa Tazo yana rantsuwa cewa taubashina ya tuƙa jirgi a Masar. Taubashin nawa kuma kullum sai ya kira ni in tura masa hoton. Na ce wayar ce ke ba ni matsala. Mako uku ina wannan ƙarya.

Wata rana bayan la'asar matata ta same ni ina kallon hoton a tsakar gida. Ta tsaya a kaina har ya ƙare, sannan ta ce, "Malam, ƙararrawa ce fa kawai ya taka." Kunya ta kama ni, na tura masa nan take ba tare da na saurara da kyau ba.

Ranar kasuwa ya zo ya same ni cikin mutane, ya kunna. Ashe ana cikin tafin nan muryata ta shiga, ina cewa ƙasa-ƙasa, "Wai shi a dole direba." Ya yi dariya har sai da ya dafe idon da aka yi wa aiki. Har yau duk wanda zai nuna wa, idan an zo daidai wurin, sai ya ƙara murya ya ce a saurari Malam.