Fitsarin Ɗan Farina

Ina iya manta ranar aurena, amma ba na jin zan taɓa manta ranar da na keta tsakiyar asibiti da gudu, ba takalmi, ba mayafi, na ɗaga jiƙaƙƙen famfas sama kamar wadda ta ciyo kofi. Shekara bakwai ke nan, amma har yau idan aka taru a gidanmu na Maruta aka rasa abin dariya, ni ake jawowa.

Cikina na fari ne. Yana wata bakwai da 'yan kwanaki naƙuda ta zo mini ina tsaka da tankaɗe. Daga Gwaram aka ce a wuce da ni Birnin Kudu, a can na haifi namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi, cinyarsa ba ta fi babban yatsana ba. Ko gama kallonsa ban yi ba aka sa shi a kwalba, wannan akwatin gilashi mai ɗumi da ake rainon irinsu a ciki.

To, mu a wajenmu ɗan fari ba naki ba ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa gaban manya, ba ki nuna kin san da zamansa. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, don an san ni da kunya, har taƙama nake yi da ita. Washegari nas ta leƙo ɗakinmu ta ce, "Ina uwar bakwainin jiya?" Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zani. Surukata, wadda muke kira Inna, ta miƙe ta ce, "Ga ni." Nas ta dube ta da furfurarta, ta ce, "Ikon Allah! To Inna, taso ki tatso masa nono." Ɗakin nan ya kwashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse. Haka na bi bayan nas ina jan ƙafa, sai ka ce aikena aka yi wajen ɗan maƙwabta.

A kwana na uku Inna ta leƙa shi ta tagar ɗakin kwalba, ta fito tana washe baki. Ta tafi gindin darbejiyar da dangi suke shimfiɗa tabarma, tana ba su albishir wai mijinta, jikan nata ke nan, ya fara ƙiba, har kumatu ya yi. Ni da nake shiga ciki na san akwai wani abu. Na ga famfas ɗinsa a bushe tun safe, na ga nas-nas suna kallon juna, amma na kasa buɗe baki in tambaya. Wai kada a ce na damu da ɗan fari. Yanzu idan na tuna wannan wautar, haushin kaina nake ji.

Da azahar likita ya kira mu, ni da Inna da maigidana. Ya ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ƙodarsa ce ba ta fitar da ruwa. Bakwaini yakan zo ƙodarsa ba ta gama ƙwari ba, ga shi kuma ciwo ya shiga jininsa." Ya ce za su canza masa magani, su riƙa auna ruwan da ke shiga jikinsa ɗigo-ɗigo, su riƙa duba jininsa. Famfas kuwa, kowanne sai an ɗora shi a sikeli kafin a sa masa da bayan an cire, kada wanda ya kuskura ya yar. "Idan zuwa jibi bai saki fitsari ba, sai Kano. Kuma hanya ga irinsa ba abin wasa ba ce." Ya dube ni ya ce ko ina da tambaya. Tambaya ta fi ɗari a cikina, amma na girgiza kai. Banɗaki na shiga na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk bayan awa uku in wanke hannu, in zura shi ta ƙofar kwalba, in buɗe famfas, in tarar da shi ƙamas. Maigidana shi ma kunyar ta ɗaure shi, sai dai ya ce, "Ya mai jiki?" yana kallon bango. Baba, surukina, yana gindin darbejiya da carbinsa. Shekara biyu ina gidansa, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

Ranar da aka ɗiba ta zo. Da hantsi, an riga an yi maganar motar Kano, Inna har ta ɗaure kwanuka a zani. Na shiga na zura hannu ina cewa a raina wannan ne na ƙarshe. Ina ɓalle famfas sai na ji wani ɗumi ya bi mini wuyan hannu. Na tsaya. Na duba. Ɗan bakwainin nan ya ɗaure fuska yana tsula abinsa kamar wani babban mutum! Na yi maza na tare da famfas ɗin har ya gama. Nas da ke kusa ta ce, "Alhamdu lillahi! Riƙe nan in ɗauko sikeli." Kafin ta juyo na kai ƙofa.

Wallahi ban san ina da gudu haka ba, ni da ban cika mako da haihuwa ba. Na wuce masu layin karɓar magani, na tsallake kular wata mata, wani tsoho ya fara salati don ya zaci rasuwa aka yi. Ban tsaya ko'ina ba sai gindin darbejiya, gaban Baba.

"Baba! Ɗana ya yi fitsari! Ɗana! Wallahi ya yi, taɓa ka ji!"

Na miƙa masa famfas har kusa da gemu. Maigidana ya cire hula ya rufe fuska da ita. Sai ga nas ta iso tana haki. "Maijego, ba ni kayana! Ban auna ba, rana za ta shanye mini!" Baba ya dubi famfas, ya dube ni, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Malama, karɓi. Ki auna da kyau, kada ki rage masa ko ɗigo." Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, matan da ba su ma san mu ba suka taya ta. A lokacin na ji iska na bugun kaina, na tuna ba ni da mayafi. Inna ta yaye nata ta rufa mini, ta raɗa mini a kunne, "Ashe kina da baki, 'yar nan."

Likita ya ce mu yi murna amma kada mu saki jiki, fitsari ɗaya ba shi ne warkewa ba. Aka fasa Kano, aka ci gaba da awo da duba jini. Daga ranar na zama mai tambaya, har likita ya riƙa cewa ga lauyar bakwaini ta iso. Kumburi ya saɓe, Inna ta koma mita wai an ramar mata da miji. A Maruta aka yanka rago aka raɗa suna ba mu nan, sai ƙauri aka kawo mana a kwano. Mun ƙara mako uku kafin a sallame mu, muka daɗe kuma muna komawa a duba ƙodar.

Yaron nan sai da ya kai shekara biyar yana jiƙa mini tabarma. Maƙwabta suna cewa na sangarta shi, ni kuwa ban taɓa ɗaga masa hannu ba. In fito da ita in shanya ina murmushi, don na san kwana nawa na yi ina roƙon Allah wannan abin.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce a tsakar gida, amma ba a shiga da ita gaban likita. Har gobe ba na kiran sunansa, balle ma sunan Baba ya ci. Amma duk inda aka leƙo aka ce, "Ina uwar yaron nan?" kafin a rufe baki na miƙe.