Robar da Sadi Ya Ɗaure a Mita

"Ni dai na gama magana, firjin Mubina ne," in ji Baba Kailu mai gidan. "Tsohon firji shi ke shanye wuta. Daga yau a cire shi."

"Baba, shekara shida yana nan, ko zare bai taɓa ƙonawa ba," in ji Mubina. Tun rasuwar mijinta, da ƙanƙara da zoɓo take ciyar da 'ya'yanta uku.

Gidan haya ne a unguwar Bromakoté, ɗaki tara, mita ɗaya. Jiya da azahar wayar da ta taso daga mitar ta narke, hayaƙi ya turnuƙe zaure, sai da yashi aka kashe wutar.

Sadi mai walda yana gefen benci, kansa a sunkuye. A unguwar Treichville ya koyi aikin tun yana saurayi, kuma yau shekara ashirin ke nan ƙofofinsa na tsaye daga unguwar Liberté har ta Indénié. Shi ne kullum yake faɗa wa mutane cewa injin walda ba rediyo ba ne. Da sandar walda ta taɓa ƙarfe, injin yana jan wutar da ta ninka ta gidan nan duka, don haka sai an ja masa layinsa daban, da waya mai kauri. "Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi," haka yake cewa.

Amma jiya an ɗauke wuta a shagonsa, ga ƙofar wani Alhaji saura ya liƙa mata maƙalai biyu. Ya turo injin gida a baro, ya jona a soket ɗin zaure lokacin da maza suka fita. Sau uku makunnin mitar yana faɗuwa da kansa, kamar yadda aka yi shi don ya kare gida. A na huɗu Sadi ya ɗaure shi da robar taya.

Guntun robar yana aljihunsa yanzu. Matarsa Lailatu, wadda ta ga komai, tana tsintar shinkafa, ba ta ko dube shi ba. Wannan ya fi masa zafi.

Baba Kailu ya miƙe zai shiga ɗakin Mubina.

"Baba, dakata." Sadi ya fito da robar, ya ajiye a kan benci. "Ni ne. Injina ne."

Baba Kailu ya juyo.

"Kai, Sadi? Kai mai yi mana wa'azin waya?"

"Ni, Baba."

Mubina ta gyara ɗankwali. "Ikon Allah. Na ɗauka firjina ne ya koyi walda ban sani ba."

Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Ya auna daga mitar zuwa ɗakinta da taƙi, ya rataya jakar kayan aikinsa, ya nufi tashar mota don sayo sabuwar waya. Waya mai kauri sai Treichville, ga zoɓon Mubina yana ta yin ɗumi.