Ranar da Goggo Ta Ƙi Zuwa Taronta

Watana huɗu a ofishin gona na Kankiya, ba a ma tabbatar da ni a aikin ba, na kawo shawarar a karrama Goggo, yayar babana da ke Yashe. A shekarun fari, lokacin da mutane suka cinye har irin shukarsu, ita ce ta bi gida-gida ta tattara ɗan gero da waken da suka rage a hannun mata, ta cakuɗa da toka, ta liƙe bakin tuluna da laka, ta hana kowa taɓawa. Tun daga nan matan garin ba sa shuka sai ta fasa tulu ta raba.

Shugaban ofishinmu ya yarda, amma ya ce rana da kujeru da kawo tsohuwar duk suna wuyana, kuma a nan zai ga ko na iya aiki. Na duba kalanda na zaɓi Laraba. Sama kuwa ban duba ba.

Talata da la'asar aka yi ruwa, na farko da ya ratsa ƙasa sosai. Da safe ga mu a filin firamare, ga turmin atamfa a kan tebur, ga takardar yabon da na buga sau uku a tafireta. Baƙin Kankiya sun cika layin gaba. Bayansu kujeru ne zalla. Na zauna, na tashi, na leƙa hanya, na gyara tebur ɗin da ba abin da ya same shi. Da na ga shugaba ya fara duba agogo, sai na cire takalmi na nufi gonaki.

Na same ta gindin ɗorawa, tulu a gabanta, mata a layi da ƙorensu. Can gaba maza na sara da sungumi, mata na bin su suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ban ko durƙusa ba na ce mata manyan mutane na jiranta. Sai da ta sa na koma na gaishe ta yadda ya kamata, har da tambayar ruwa.

"To, 'yar boko," ta ce, "atamfar taku bushewa za ta yi in ta kwana? Ƙasar nan jibi ta bushe."

Na ce ta ba wata ta ci gaba da rabon. Ta ce wace ce ta san girman gonar kowa, da wadda mijinta ya rasu, da wadda za ta ji kunyar cewa bai ishe ta ba? Na ce aikina zai tafi. Ta dube ni, hannunta bai bar awo ba, ta ce in bar mata hanya, na tare layi.

Na koma ni kaɗai, laka har ƙwauri. A gaban baƙi na ce ba za ta zo ba, shuka take, kuma laifina ne. Wani ya yi dariya. Shugaba bai yi ba. Ya tambaye ni wace irin malamar gona ce take sa taro a bakin damina.

Bai kore ni ba. Ya ce maganar tabbatarwa sai bayan kaka, kafin nan kada ya ga ƙafata a ofis: in zauna Yashe, in bi Goggo duk inda ta sa ƙafa.

Da na gaya mata, cewa ta yi ita ba ta nemi mai tsaya mata a kai ba, in dai zan zauna to in nemo ƙwarya.