Abin da Na Ɓoye a Gafakar Malam

A gidanmu da ke Kinkinau akwai abu ɗaya da ko yaro mai rarrafe ya san ba a taɓa shi, wato gafaka. Jaka ce ta fata mai marfi da igiya, wadda ake ajiye Alƙur'ani rubutun hannu a cikinta. Mahaifinmu, wanda mu da mutanen unguwa duk muke kira Malam, sana'arsa ke nan, rubuta Alƙur'ani da hannu. In ya sallami ɗalibansa na safe sai ya zauna a zaure, ya fiƙe alƙalami, ya jera tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa, ya yi ta rubutu falle-falle har azahar. Irin wannan Alƙur'ani ba a ɗinke shi, a warware yake zama, shi ya sa sai da gafaka. Ba mai kai hannu gare ta sai da alwala. Ni kuwa, da Umma ke cewa wayona ya fi shekaruna, wannan dokar na duba na hango wa kaina mafita.

Abin ya faro ne shekarar da na shiga babbar makaranta. Wata ƙawata 'yar Rigasa da muke zama benci ɗaya ta tura mini anime a waya, wato katun ɗin mutanen Japan. Da farko na yi mata dariya, na ce da girmanta take kallon abin yara. Ba a yi mako ba na koma ina roƙonta ta ƙaro.

Wanda bai taɓa kallo ba ba zai gane ba. Anime ba ya neman izininka. Kiɗa ya taso, launi ya cika ido, wani ya kwarma ihu da yaren da ba ka ji, amma tsigar jikinka ta tashi. Ka ji ruwan sama na zuba a kunnenka alhali rana ake ƙwallawa a tsakar gida. Sai dai yana da mulki. Gudunsa yake yi, bai damu da ko ka gama karanta fassarar da ke wucewa a ƙasa ba. Yana son caji, yana son data, yana son a toshe kunne, kuma a gidanmu toshe kunne laifi ne, don Umma ba ta kira sau biyu. Sau nawa aka ɗauke wuta wayata ta mutu ana tsakiyar faɗa, na wuni ina jin haushin kowa kamar su suka kashe ta.

Ranar da labarin da na fi so ya tsaya cak, jarumar na rataye a bakin rami, na kusa yin kuka. Ƙawata ta ce in kwantar da hankalina, ci gaban yana nan a manga, littafin zanen da daga shi ake ɗauko katun ɗin. Ta nuna mini a wayarta. Na taɓe baki. Ba launi, ba motsi, ba murya, sai baƙi da fari kamar takardar jarrabawa. Na ce wannan ai tuwo ne ba miya.

Na ci tuwon dai, don yunwa ba ta san yanga ba. Da na kai babi na uku sai na lura ba na jin rashin muryoyin, ashe ni nake sa musu murya a kaina, kuma tawa ta fi dacewa da su. Manga yana jira. In fuska ta ba ni tausayi sai in tsaya a kanta iya son raina, ba mai tura ni gaba. Tsakanin zane da zane akwai ɗan farin fili, an ɗaga takobi a nan, a can kuma mutum yana ƙasa, saran kansa ni ke yin sa. A anime kallona kawai ake so, a manga kuwa har da aikina. Ga shi daga dama ake fara shi zuwa hagu. 'Yan ajinmu da suka yi makarantun kuɗi sai su yi ta ruɗewa suna karanta amsa kafin tambaya, ni kuwa da na tashi a kan allo idona da kansa yake zuwa dama. Na yi musu gori da wannan har suka gaji da ni.

Karatu a waya yana sa mini ciwon ido, don haka na riƙa zuwa wani shagon buga takardu a bakin makaranta ana fitar mini da babi-babi. Kafin ƙarshen zango na tara falle sun fi ɗari biyu. Nan matsalar ajiya ta taso. Ɗakinmu mu uku ne da yayyena mata, ba abin da ke ɓuya. Umma kuwa duk takardar da ba ta ga Larabci a jikinta ba ta hura gawayi ce. Sannan ga Malam, wanda ko hoton bikin yayarmu bai yarda a kafa a bango ba. Ban taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan zane ba. Na yanke masa hukunci ni kaɗai, na ce tsoho ne, ba zai gane ba.

A saman sif ɗin ɗakin tsakiya akwai wata tsohuwar gafaka, ja mai duhu, ba komai a cikinta. Tun ina ƙarama take nan. Na auna takarduna, suka shige kamar don su aka ɗinka ta. Na tuna har murmushi na yi, ina yaba wa kaina. Umma in tana shara ba ta ko matsar da ita, yayyena ba sa kallon wajen. Watanni huɗu ina hawa kujera ina ɗauka ina mayarwa, kuma ba zan ɓoye ba, ko sau ɗaya zuciyata ba ta tsinke ba.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Asabar da hantsi wani Alhaji ya zo daga Katabu tare da malamai biyu. Ɗansa ya kusa saukar karatu, yana son Malam ya rubuta masa Alƙur'ani cikakke, aikin da kan ci kusan shekara. Umma ta ba ni ruwa da lemo in miƙa. Na durƙusa daga bakin ƙofar zaure ta ciki na gaishe su, na tura tiren, na koma bayan ƙyaure na tsaya, don ni ba a yin baƙi a gidanmu ban ji abin da ya kawo su ba.

Suka duba rubutun Malam suna ta sa albarka. Sai Alhajin ya ce, "Allah gafarta Malam, gafakar fa? Ina son irin ta da, ba irin ta yanzu mai ɓarewa ba."

Malam ya ce, "Akwai wata da malamina ya ba ni a Zariya, bari in ɗauko ka ga ɗinkin."

Ya wuce ni a bakin ƙofa, ya shiga ɗakin tsakiya. Ina da lokacin da zan bi shi in ce, Malam tsaya. Taku biyar ne. Amma na tsaya a bayan ƙyaure ina kallonsa. Ya fito da ita a rungume, na ji yana magana shi kaɗai da ɗan ƙarfi, "Ashe na bar wasu rubuce-rubuce a ciki."

Alhajin ya ce yana da alwala. Ta tsagar ƙyaure na ga ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kwance igiyar, ya zaro. Fallen da ke sama shi ne inda wani ƙaton dodo ya wangame baki, haƙora har kunne, ido huɗu, ga wata yarinya gashi a tsaye ta ɗaga takobi a gabansa. Gefe kuma manyan haruffan Japan ne a karkace, irin waɗanda ake zana ƙara da su.

"A'uzu billahi!" Alhajin ya watsar da su. Takardu suka bazu a kan buzu da tabarma, fuskoki ta ko'ina. Ɗaya daga cikin malaman ya janye ƙafarsa kamar wuta ce. Ɗayan ya ɗauki falle ɗaya da yatsa biyu, ya juya shi, ya ce a hankali, "Malam, wannan wane irin hatimi ne? Waɗannan ai surar mutanen ɓoye ce."

Sai a lokacin na gane abin da suke gani. Ni katun nake gani. Su kuwa hotunan aljanu suke gani, da baƙin rubutu da ba na Musulunci ba, a cikin gafakar mai rubuta Alƙur'ani. Ma'anarsa ɗaya ce a wurinsu, Malam yana tsibbu a ɓoye.

Malam ya daɗe yana kallon takardun. Ya san ba nasa ba ne, kuma a gidan mutum ɗaya ce ke yawo da takardun boko. Ya ɗago ido ya dubi ƙyauren da nake bayansa, sannan ya mayar kan baƙinsa.

"Ba abin da kuke zato ba ne," in ji shi. "Amma abin da aka samu a gidana nawa ne. Ku yi haƙuri."

Suka yi sallama a tsaitsaye, lemon ma ba su buɗe ba. Alhajin ya ce zai aiko, bai kuma aiko ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, Malam ya jiƙe. Zancen duniya ba ya ɓuya. Cikin mako biyu aka cire yara uku daga makarantarsa. Wata mata ta yi sallama har tsakar gida tana tambayar Umma ko nan ne gidan malamin da ke aiki da aljanu, wai tana son a duba mata wani abu. Umma ta kore ta, ta shiga ɗaki ta yi kuka. A shagon mai kayan miya na ji ana maganar, da aka gan ni aka yi shiru. Na sayi tattasai na fito kamar ban ji ba.

Kunya nake ji har yau in na tuna waɗannan makonni, kuma ba ɓoye takardun ne ya fi ci mini rai ba. Shirun ne. Kullum ina kai masa abinci, ina durƙusawa, yana amsa gaisuwata kamar yadda ya saba. Kullum ina cewa gobe zan yi magana. Na goge duk anime ɗin da ke wayata, wai ni nan na tuba, alhali wannan bai mayar wa Malam da ɗalibi ko ɗaya ba. Har addu'a na riƙa yi Allah ya sa maganar ta mutu da kanta ba sai an ambaci sunana ba.

Ranar wata Alhamis, da yake ba karatu, ya kira ni zaure da hantsi. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, zauna."

Ya jawo wani ƙunshi a farin ƙyalle ya ajiye a gabana. Na kwance. Takarduna ne, an goge musu ƙura, an daidaita bakinsu. Na fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. A jere suke. Na'urar shagon ta yanke lambobin shafi tun wajen bugawa, kuma Malam ba ya jin Turanci, amma ga su babi na bin babi, ba falle ɗaya da ya kauce.

"Ya aka yi, Malam?" na tambaye shi.

"Idanun mutanen ciki na bi. Inda suka duba, nan labarin ya nufa." Ya sa yatsa a kan wani zane. "Mai wannan aiki ya san tawada. Dubi inda ya danna alƙalami, dubi inda ya sassauta. Ban ce ina son abin da ya zana ba, amma hannu ne da ya sha wuya." Ya ɗago ya dube ni. "Gafaka ɗakin maganar Allah ce, kin sani. Wannan ki nemi gafararsa, ba tawa ba. Da kin tambaye ni wurin ajiya, da na ba ki."

Nan kukan da na riƙe mako uku ya ɓalle. Na ce ya yafe mini. Na ce yau ɗin nan zan sa babban yayanmu ya raka ni Katabu in gaya wa Alhajin gaskiya, in bi gidajen yaran da aka cire ɗaya bayan ɗaya, in ce nawa ne, katun ne, Malam bai san da su ba.

"Ba za ki ba."

"Malam, sunanka fa ake ɓatawa."

"Na sani. Ni shekara arba'in ina zaune a unguwar nan. In an faɗi abu a kaina, wasu za su yarda, wasu za su ce ƙarya ne. Ke fa? In aka ce 'yar gidan Malam ce mai tara hotunan aljanu, wa ya san ki da zai tsaya ya ce ƙarya ne?"

Ya jawo tawadarsa, ya ɗauki alƙalami ya duba bakinsa, ya ce in kwashe kayana in matsa daga ƙofa, ina tare masa haske.