Jan Rubutu a Kan Koren Allo

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na rataya wa Baba allo a ƙofar shagonsa na zare a kasuwar Yendi ba.

Shekara ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, ya ce yana so shagon ya ɗauki sunanta. Ni kuwa na dawo daga koyon zane a kwamfuta, kaina cike da ilimi, ina ji da kaina. An koya mana cewa ja da kore suna fuskantar juna a da'irar launuka, kowanne yana fito da ɗan'uwansa. Sai na sa aka yi allon kore shar, sunanta da ja.

Maƙwabtanmu masu saƙar fugu, rigar gargajiyar yankin, suka taru suna yabo. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "yaushe za a sa rubutun?"

Na ɗauka zolaya ce, har na yi dariya. Har yau dariyar nan tana damuna.

Ya ja ni cikin shago, ya ɗauko ƙunshin zare biyu, ya ɗora yatsana a bakin kowanne. Ɗaya ƙulli ɗaya, ɗaya ƙulli biyu.

"Ɗaya ja, biyu kore. Mamanki ke ƙulla min tun aurenmu. Ni duk kala ɗaya nake gani. Ba wanda ya sani sai ita." Ya ajiye zaren. "Waɗanda ta ƙulla sun kusa ƙarewa."

Kunya da tausayi suka rufe ni. Na girma a shagon nan, ban taɓa lura ba.

Na sauke allon da hannuna. Muka sake shi, shuɗi mai duhu irin na marina, rubutun fari tas, domin idon da bai rarrabe kala yana rarrabe haske da duhu. Da aka rataya, Baba ya tsallaka titi, babura na giftawa, ya karanta sunanta a hankali, sau biyu.

Tun ranar ni ke ƙulla masa zare. Na kuma koyi cewa kafin in zaɓi launi, sai na fara tambayar idon wa zai kalla.