Ranar da Alli Ya Faɗi Daga Hannuna

Assalamu alaikum, ƴan uwa da abokan arziki.

Na san an daɗe ba a ji ɗuriyata a nan ba. Saƙonninku duk na gani, hannun da zai amsa ne ba shi da ƙarfi. Yau da shi nake rubuta wannan, sannu a hankali.

Ga wanda bai san ni ba, malamar firamare ce ni a Talata Mafara, amma Damaga ta ƙasar Maradun aka haife ni.

Bara da damina al'amura suka rikice a Damaga. Zuwa gona ya zama kasada saboda ƴan bindiga. Inna, mahaifiyata, ta taso tare da ƙanena Bello da matarsa da yaransu, suka sauka gidanmu. Maigidana bai ko ɗaure fuska ba. Tukunyar da muke saukewa sai ranar suna, ita ta koma ta kullum.

Kawu, yayan Inna, ya ƙi tasowa. Ya ce ba zai bar geronsa a gona ba.

Daga nan waya ta zame min abin tsoro. Tana yin ƙara gabana zai faɗi. Kowane labari aka turo guruf sai na buɗe, sai na saurari kowace murya ko zan ji an ambaci garinmu. In na kira Kawu ba ta shiga ba, ba na iya cin abinci.

Barci ya ƙaurace min. Ciwon kai ya zauna min a ƙeya. Na riƙa sayen ƙwaya a kemis ina haɗiyewa, in yi girki, in tafi makaranta. Ban gaya wa kowa ba. Gani nake mutanen da suka baro gidajensu sun fi ni abin kuka.

Wata safiya ina rubutu a allo, alli ya suɓuce min. Na sunkuya in ɗauka, yatsuna suka ƙi kamawa. Na juya zan ce wa yara su yi shiru, sai na ji wani sauti ya fito wanda ba magana ba.

Malama Rabi ta ajin kusa da nawa ta leƙo. Tana ganin fuskata ta ce, "Zauna. Kar ki motsa. Bakinki ya karkace."

A asibiti aka ɗaura min abin awon jini. Ma'aikaciyar ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, ta fita da sauri. Wannan fitar tata ta fi komai razana ni.

Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai an kai ni Sakkwato a ɗauki hoton kai. Maigidana ya sayar da ragunan da muke kiwo, muka kama hanya da rana tsaka, kowa a motar yana kallon daji.

Gado, ƙarin ruwa, ɗibar jini, awo safe da yamma. Ina jin duk abin da ake faɗa, amma in na buɗe baki kalmomi sai su cakuɗe.

Muna can, wata hantsi maigidana ya shigo da waya a hannu, fuskarsa ba daɗi. Ya ce, "Bello ne. Wai Inna ta ɗaure kaya, suna tasha. Ta ce nauyinsu ne ya kayar da ke, gida za su koma."

A makon kuwa ƴan bindiga sun tare hanyar Damaga.

Na yi masa alama ya sa min wayar a kunne. Ina jin hayaniyar tasha, ina jin kwandasta na kiran Maradun.

Inna ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Mu munka ja miki wanga ciwo."

Na tattara duk ƙarfina. Yawu na zuba, harshe ya yi nauyi. Da ƙyar na ce, "Inna. Zauna."

 

Ta ce, "Na jiya." Sai na ji tana ce wa Bello ya sauke kayan.

Washegari likitar da ke duba ni ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Malama, magani zai sauke jinin. Amma mene ne yake hana ki barci?" Tunda abin nan ya fara babu wanda ya yi min wannan tambayar. Na yi kuka har ta miƙo min hankicinta.

Da muka dawo Mafara na tarar gidan ya canza. Inna ta karɓe madafi, ta rage gishiri, kuma ba a musu da ita. Bello ya samu aiki a gonar noman rani wajen Birnin Tudu. Ni kuma aikina matsa ƙwallon roba da tsintar wake ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da na yi jifa da kwanon don haushi. Matar Bello ta tsince, ta sake ajiye min a gaba.

Na fita daga gurufan nan. Kawu har yau yana Damaga, kuma har yau gabana yana faɗuwa. Amma yanzu ranar Juma'a muke kiransa, duk gidan a zaune, in ba ta shiga ba mu yi addu'a tare.

Na koma aji. Rubutuna ya ɗan karkace, yara dai suna karantawa.

Alhamdu lillahi. Malama Rabi, maigidana, Inna, ma'aikatan da suka yi ɗawainiya da ni, da ku masu addu'a, Allah Ya saka da alheri. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.

Roƙona gare ku: ciwon kan da ya ƙi tafiya, a je a auna jini, kar a tsaya a kemis. In kuka ga bakin mutum ya karkace ko hannunsa ya saki, asibiti nan take, ba sai an jira wani ya dawo daga kasuwa ba. Wanda aka ɗora wa magani kar ya daina don ya ji sauƙi.

Kuma in akwai wanda ke ɗauke da gidanku, kullum yana cewa lafiya lau, ku zaunar da shi yau ku sake tambayarsa.