Akuyar Layi na Sha Shida

Duk wanda ya taɓa shiga situdiyon Yaya Sale Fiyano a Karaye ya san baƙin salatif ɗin nan. Ya naɗe maɓallin ƙarar sauti da shi tam, wai ko ɗan uban waye ba ya wuce nan. Mijin yayata ne, kuma shekara goma sha ɗaya ina tasowa daga Ruwan Bago ina rera waƙa a gabansa, amma wallahi ko sau ɗaya bai taɓa cewa na iya ba. In na kai ƙarshe sai ya sosa gemu ya ce, "To, Habu, ka gama." Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Kun tuna Alhajin nan mai gyaɗa na Rogo Sabon Gari, da ya zo sauraron waƙar bikin ɗansa?

"Malam Sale, ƙara mini! Sunana ba ya fitowa!"

Yaya ya kai hannu kan wani jan maɓalli a gefen tebur, ya murɗa a hankali. Alhaji ya lumshe ido. "Yauwa! Yanzu ka yi aiki."

Alhaji yana fita Yaya ya ciro abin ya nuna mini. Murfin jarkar manja ne, ya kafa shi da ƙusa!

Ga shi da son karantarwa ko ba a tambaye shi ba. "Shi midi ba sauti ba ne, saƙo ne. Fiyano ya aika, kwamfuta ta raba layi-layi har goma sha shida, kowane filogin, wato makaɗin da ke cikin kwamfuta, ya ɗauki nasa ya fitar da kiɗa. Na goma na ganga ne. Wanda ya sa goge a na goma, kada ya ƙara gaishe ni."

Na ce, "Na sha shida fa, Yaya? Kullum in ina waƙa ina ganin kana latsa shi, ba na jin komai."

"Ƙararsa tana kan sifili. Kai dai yi waƙarka."

Sabuwar manhaja kuwa, ko kyauta ba ya so. "Tawa tana da ladabi. In na ce filogin ya yi shiru, ya yi. Na zamani kunnen ƙashi gare su." Muka yi ta masa dariya, ashe mutumin ya san abin da ya binne.

Bayan ya rasu an yi arba'in ɗinsa, 'yarsa Bilki, wadda ta karanci kwamfuta a Kano, ta kwashe ayyukansa ta zuba a sabuwar na'ura, ta kira ni. Ta buɗe waƙata ta farko. Ina ɗaga murya a baiti na biyu, sai muka ji "Meeee!"

Na zabura. "Ke, wa ya bar ƙofa a buɗe?"

Dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Kawu, layi na sha shida ne. Baba ya aika saƙon a rufe ƙararsa, amma wannan filogin ba ya karanta saƙon."

Ashe kukan akuya Yaya ya ɗora a layin, duk inda na kauce wa kiɗa sai ya latsa, fuskarsa kamar ta liman! Waƙar farko garke guda ce. Ta Alhaji mai gyaɗa kuwa, duk inda aka ambaci sunansa akuya ce ke amsawa. Kai, Yaya Sale!

Muka bi waƙoƙina ɗaya bayan ɗaya, awakin suna raguwa, amma ba su ƙare ba. Saura ta ƙarshe, wadda muka ɗauka mako biyu kafin ciwo ya kwantar da shi. Na ce, "Bilki, bar wannan."

"Haba Kawu," ta ce, ta latsa.

Na runtse ido ina jiran akuya. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Sai ga sarewa a hankali, tana bin muryata sawu da sawu har ƙarshe. Bilki ta duba allon ta ce, "Layi na sha shida ne, Kawu."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Mugun mutumin nan, ashe ya faɗa cewa na iya, amma sai da ya rufe ƙarar.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya haskaka makwancinsa. Kurakuransa Allah Ya bar su a kan sifili, kada a taɓa jin su.